Sau Ɗaya Ake Tayi a Dubai

Tun da na dawo daga Dubai ƙawayena ba su bar ni na sha ruwa ba. A gidan suna, a Islamiyya, har a layin tantance 'yan fansho, tambayar ɗaya ce: "Malama, ya ƙasar take? Kin hau dogon benen nan? Da gaske ne ba a ɗauke wuta?" Ni kuwa sai in ce lafiya lau, ƙasa ta yi kyau, in kawo wata hirar. To jiya Hajiya Asabe maƙwabciyata ta tsare ni, ta ce ita ba ta yarda ba, wanda ya je ya ji daɗi ba haka yake dawowa ba. Gaskiyarta. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta, kowa ya karanta da kansa, in huta da kame-kame.

Ɗana na fari ne a can, yana aiki a wani kamfani da ke fito da kaya daga tashar jiragen ruwa ta Jebel Ali. Ba za ku ga sunansa a rubutun nan ba, kun san dalili: tun da na haife shi bakina bai taɓa kama sunansa ba. A hannun kakarsa ya tashi, shi ya sa yake ce min Yaya, yadda ya ji ƙannena suna faɗa. A can ya auri Rahinatu, ma'aikaciyar jinya, 'yar zangon Kumasi, wadda mahaifiyarta ta rasu tun tana makaranta. Da cikinta ya tsufa sai ya aiko min da tikiti da biza ta wata guda, ya ce in zo in ga wurin zamansu. Bai ambaci haihuwa ba, ni ma ban ambata ba. Na dai san haihuwar za ta zo ne bayan bizar ta ƙare, na kuma san ana sabunta ta. A al'ada gidan uwarta ya kamata ta je wanka, to babu uwar. A raina na gama yankewa ni zan yi mata jego. Wa take da shi in ba ni ba?

Don haka a can ƙasan akwatina na yi wani ƙulli a cikin tsohon zane: busasshen ganyen darbejiya na wanka, jar kanwa, garin gero, da yajin jego da na tsaya a kansa aka daka. Na danne shi da atamfofi da kilishin tsaraba. Ban gaya wa kowa ba. Ina ni ina nuna ɗoki a kan jikan ɗan fari, a ce tsohuwa ta zubar da girma?

A jirgi Allah ya haɗa ni kujera da wata 'yar kasuwa, Hajiya Talatu, mai safarar abaya da gwal. Dubai a wurinta kamar Kantin Kwari ce. Kafin mu bar sararin Kano na san sunayen 'ya'yanta da ciwon ƙafarta da wanda ya cuce ta bara a wurin masu kago, wato masu aiko da kayan 'yan kasuwa. Can sai ga ma'aikaciyar jirgi ta turo keken abinci, ta tambaye ni kaza ko kifi. Ni da yunwa ke ƙwaƙular cikina tun safe, sai na ji bakina ya ce, "Na gode, na ƙoshi." Haka aka rene mu. Baƙo ba ya cafke tayi na farko, sai an ce haba, an ce don Allah, an tura masa kwanon gabansa, sannan ya sa hannu kamar an tilasta shi. Yarinyar nan ta yi min murmushi mai kyau, ta tura kekenta gaba.

Hajiya Talatu ta bi keken da kallo, ta dawo ta kalle ni. "Azumi kike, Malama?"

Na ce a'a, na ɗauka za ta sake tambaya.

Ta yi dariya har da riƙe ciki. "Wa zai sake? Daga nan har ki dawo sau ɗaya ake tayi. Kina so ki ce kina so, ba kya so halas, shi ke nan, an wuce wurin." Ta gutsuro burodinta ta miƙo min. Na ce ta bar shi. Ta ce, "Karɓi, ni dai 'yar Kano ce, amma ba zan kai uku ba." Na karɓa. Da burodin nan na kai Addis Ababa, inda muka yada zango muka sake jirgi. Da ina da rabon hankali, da darasin ya ishe ni.

A filin jirgin Dubai an yi tafiya kamar za a koma Kano a ƙafa. Wani Balarabe mai farar jallabiya ya sa na zare tabarau na kalli wata na'ura, ya buga min hatimi ko kallona bai yi ba. Wajen duba kaya ne aka tare ni. Aka buɗe akwati, aka wuce atamfa, aka wuce kilishi, hannun wata jami'a ya sauka daidai kan ƙullina. Ta ɗago kanwa tana juya ta, ta shinshina yaji, nan take ta kama atishawa ba ƙaƙƙautawa. Aka kira wani, shi ma ya kira wani. Ni da na shekara talatin ina koyar da Turanci a firamare, ranar nan na nemi Turancin kanwa na rasa. Hajiya Talatu ce ta kutso da Larabcinta na kasuwa, tana nuna ciki tana jijjiga hannu alamar jariri, tana cewa, "Dawa, dawa, habibti!" Wato magani ne. Jami'ar ta share hawayen yaji, ta yi dariya, ta ce min mabruk, ta mayar da ƙullin da hannunta. Ita ce mutum ta farko da ta yi min barka, tun ba a haihu ba.

A ƙofar fita mutane sai rungume-rungume suke. Wata 'yar Filifin ta ɗafe wuyan uwarta tana kuka, wani ƙaton Balarabe da gemunsa ya sumbaci goshin tsohuwarsa a gaban kowa. Na ce oh ni, duniya da faɗi. Sai ga yaron nan ya taho da sauri, hannuwa a buɗe, da alama shi ma ya koyi halin gari. Na ɗan kauce na miƙa masa jakar hannuna. Ya durƙusa ya gaishe ni, na amsa ina kallon gefe. Amma ta wutsiyar ido na ga ya rame, na ga furfura guda biyu a gemunsa. Abin da ya fito daga bakina shi ne, "An same ku lafiya?"

Rahinatu ba ta san wannan ba. Da cikinta a gaba ta rungume ni ƙam, tana cewa, "Mama, akwaaba! Sannu da zuwa, Mama!" Na tsaya ƙiƙam kamar an dasa ni. Ban ture ta ba, ban kuma rungume ta ba, na dai ɗan bubbuga bayanta.

Gidansu a unguwar Al Qusais yake, hawa na shida. Gida ɗaya ne aka raba biyu, su da wasu Indiyawa, mata da miji, kicin ɗaya suke haɗawa. Suka ce in ɗauki ɗakin barcinsu. Na ce Allah ya kiyaye in kwanta a gadon ɗan fari, a falo zan zauna. Wannan kam da gaske nake, kuma na ji daɗi da ba su matsa ba. Ban lura cewa a kan komai ma ba sa matsawa ba.

Zaman gidan bene a ƙasar nan sai mai haƙuri. Waje zafi kamar bakin murhu, ciki sanyin na'ura har ƙashi. Ba tsakar gida, ba mai sallama ya shigo ɗiban wuta ko aron turmi. Yaron nan yana fita bayan asuba, motar kamfani ta kwashe su zuwa Jebel Ali, sai bayan magariba ya dawo da waya manne a kunne, ana ta kwantena kaza ta fito, kwantena kaza an riƙe. Matar Ba'indiyen, Anti Mini ake ce mata, ita ce abokiyar zamana. Ba ma jin yaren juna sosai, amma kullum sai ta ajiye min shayin nan nasu mai kauri da suke kira karak. Ranar farko na ce na gode, ta ɗauke kofinta ta shanye. Washegari tun kafin ta rufe baki na miƙa hannu. A kan shayi kam na koyi darasi da wuri.

Rahinatu ta iya girki, ba zan ci amanarta ba. Tana yin wake da shinkafa irin nasu, wanda ake dafawa da karan dafi ya yi ja, da wani baƙin yaji mai kifi da ake kira shito. In na ci sai ta tsaya a kaina. "Mama, ya yi daɗi?" In ce, "Ba laifi." A Kano suruka ta ce ba laifi, ai yabo ya ƙare. Ita kuwa sai in ga fuskarta ta faɗi, ta kwashe kwano shiru.

Ranar hutunta ta ce mu je Satwa a ɗinka min abaya. Muka hau jirgin ƙasan nan da ba shi da direba, muka shiga taragon mata. Na ɓare goro na jefa a baki, sai ta zungure ni tana zare ido, wai tara ake ci in an ga baki yana motsi. Haka na ajiye goron nan a kumatu har muka sauka, kamar mai ciwon haƙori. Satwa ce ta fi kwanta min a duk Dubai, don ita ce mai kama da gari: teloli a jere, ƙananan kantuna, mutane suna ciniki da ƙarfi. Wani tela ɗan Pakistan ya auna ni yana ta "yalla, Mama, yalla", ni kuwa ina cewa ya bi a hankali, ba a sauri da dattijuwa.

Da muka fito sai ta tsaya a gaban wani kantin kayan girki. Akwai wata ƙatuwar tukunyar alminiyam a bakin ƙofa, irin ta girkin biki. Ta shafa ta, ta ce, "Mama, an ce a Kano da ruwan zafi da ganye ake wa mai jego wanka. Irin wannan za ta isa?"

Zuciyata ta ce za ta isa har ta yi saura, ganyen ma yana gida a cikin akwati. Bakina ya ce, "To, ya danganta. Ku da kuke asibiti ai kun fi mu sani."

Ta janye hannunta daga kan tukunyar. Muka wuce.

Da biza ta doshi ƙarewa, wata ranar Lahadi bayan la'asar, yaron nan ya zo ya zauna a ƙasa kusa da ƙafata. Rahinatu tana tsaye a bakin kicin. Ya yi ta murza hularsa, sannan ya ce, "Yaya, dama ana iya sabunta biza. Mun ce ko za ki zauna har Rahinatu ta sauka, ki ɗan kama mata?"

Maganar da na ƙetare ƙasashe don in ji ke nan. Daɗi ya cika ni har na ji kunyar kaina. Na gyara mayafi na ce, "Zaman me zan yi? Na bar gida ba kowa, ga kajina, ga bikin 'yar Hajiya Asabe ya matso."

Na tsaya ina jiran sauran. A gida ga yadda ake yi: zai ce haba Yaya, kaji ai ba sa hana zumunci. In ce a'a. Matarsa ta durƙusa ta sa baki. In ce to bari in yi shawara. Washegari in ce tunda kun matsa. Kowa ya fita da mutuncinsa, ba wanda ya yi zumuɗi.

Ya ɗaga kai ya kalli matarsa, ya sunkuyar. Ya ce, "To shi ke nan, Yaya. Kada mu takura miki." Ya tashi.

Washegari da safe ina kan sallaya ina lazimi, su suna kicin, na ji Rahinatu tana magana ƙasa-ƙasa da Turanci: "I told you. She is not keen." Ta ƙara da Hausa, "Ba ta so. Ka bar ta ta tafi gidanta."

Kalmar nan, keen, ba baƙuwata ba ce. Na koyar da ita a aji ya fi a ƙirga. Nakan ce wa yara, in an faɗe ta a kan wuƙa, kaifi ake nufi. In a kan ido ne ko kunne, mai gani ne da ji har hanji. In kuwa a kan mutum ne da abin da ya sa a gaba, to ɗoki ne da himma, son abu har a gan shi a fuskarka. Na rubuta ta da jan biro a sakamakon jarrabawar 'ya'yan mutane, yabo ne babba. A Dubai ma na lura kullum tana bakinsu: wane yana son aikin, wane bai nuna yana so ba, an ba wani. A wurinsu wanda ya nuna ɗoki shi ne mai gaskiya. A wurinmu shi ne mara kunya. Ban taɓa zaton za a auna ni da kalmar nan a same ni ba ni da ita ba, ni da na kwana uku ina tsince tsakuwa a gero saboda jaririn da ba a haifa ba.

Za ku ce me ya hana in tashi in shiga kicin ɗin in ce ina so. Ni ma na tambayi kaina. Ƙafata ce ta ƙi. Abin da na iya shi ne jirwaye. Da daddare na ce, "Kajin nan ma dai Hajiya Asabe tana kula da su." A Kano ko yaro ya ji wannan ya san an buɗe masa ƙofa. Shi kuwa ya ce, "Allah ya saka mata da alheri," ya ci gaba da danna waya. Na ce bikin ma ana maganar ɗaga shi. Ya ce, "Ikon Allah." Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce a zuciyata, wannan wane irin ɗa ne da ba ya jin Hausa? Daga baya na tuna ba ni na rene shi ba, bai taɓa zama da ni ya san yadda a'a tawa take ba. Abin da ya sani kawai shi ne uwar da ke kawar da kai in ya shigo.

A gida da ɗan aike zan nema, ƙanwata ko wata ƙawa ta je ta ce musu, ku sake tambayarta mana. A Dubai wa na sani? Sai Hajiya Talatu. Na kira ta, na same ta a wurin masu kago ana ɗaure mata kaya, hayaniya ta cika wayar. Na kewaya na kewaya har ta gane.

"Malama, ke fa matsala ce! Ɗanki ne fa. Buɗe baki za ki yi. Ko in kira shi in gaya masa?"

Na ce, "A'a, haba, bar shi."

"To halas. Kai, habibi, ba wannan buhun ba! Malama, sai mun haɗu a Kano." Ta kashe. Ita ma da na dogara da ita, ranar a tayi ɗaya ta tsaya.

Haka ranar tafiya ta zo. Na mayar da atamfofin da ban raba ba, na ɗora sabuwar abaya a kan ƙullin, ko kwance shi ban yi ba. Na so in bar mata shi, sai na ga in na fito da shi asirina ya tonu, kuma wa zai nuna mata yadda ake yi? A filin jirgi Rahinatu ba ta rungume ni ba. Ta dafa bango ta durƙusa da ƙyar, yadda ta ga mijinta yana yi, ta ce, "Mama, Allah ya kiyaye hanya. A yafe min in na yi ba daidai ba." Na ce, "Ba ki yi komai ba. Allah ya raba lafiya." A jirgi da aka turo keken abinci na karɓa tun tayin farko, amma na kasa ci.

Bayan na dawo ba da jimawa ba Rahinatu ta haihu, mace. Suka sa mata sunana, suna kiranta Ummi. Mijin bai samu hutun kirki ba. Anti Mini ce take leƙa ta, ita ke dafa mata abin da ta iya. Wanka kuwa a tsaye take yi a banɗaki ita kaɗai, jaririya tana kuka a falo. Ban ji wannan a bakinta ba, mijin ne maganar ta suɓuce masa. Na ce a nema min wata bizar, ya ce yanzu ba ta fitowa da sauri, sai an jira. Ana jira har aka yi arba'in.

Ranar arba'in ɗin ta kira ni ta waya mai hoto don in ga takwarata. Tana juya wayar sai na hango wani abu yana ƙyalli a lungun falo, daidai inda nake shimfiɗa sallayata. Tukunyar Satwa ce, cike da kayan jarirai a ninke.

Na ce, "Rahinatu, waccan tukunyar fa?"

Ta waiwaya, ta yi 'yar dariya. "Oh, wannan. Washegarin ranar da muka je Satwa na koma na saya, na ɓoye a ɗakin Anti Mini. Na ɗauka za ki zauna, Mama. Ko sau ɗaya ba ta hau wuta ba."

Na ce ta jira ni. Na jawo akwatin daga ƙarƙashin gado, na ciro ƙullin, na kwance shi a gaban wayar. Darbejiyar ta murmushe ta zama gari, kanwar tana nan yadda take. Na ɗaga mata ɗaya bayan ɗaya, ina faɗin amfanin kowanne kamar ina gaban aji. Na ce da su na je, da su na dawo.

Sai na ga ta sa gefen zanin goyo tana share ido.

"Mama, me ya sa ba ki faɗa ba?"

Na ce, "Jira nake ku sake tambaya."

Ta ce, "Ni kuma na ɗauka don ni ba 'yar Kano ba ce."

Wannan ita ce Dubai da na gani, Hajiya Asabe. Benen yana nan, dogo ne, ban hau ba. Ummi za ta girma, in Allah ya yarda zan gan ta, zan goya ta. Amma jegon fari sau ɗaya ake yinsa, kuma yarinyar nan ta yi nata ba uwa, alhali uwar ta je har falonta ta zauna wata guda da ganye a cikin akwati.